Ƙasar da ta ƙi sakin saiwar masara

Duk damina, idan masarata ta kai sati 4 da tsirowa, nakan sadaukar da gindi ɗaya. Ina zaɓar na tsakiyar kunya, wanda bai fi saura girma ba kuma bai tsumbure ba, in zagaye shi da ƙaramar fartanya a hankali, in ɗago shi da ƙasarsa gaba ɗaya. Sai in riƙe karan in girgiza. Yawancin ƙasar takan zube nan take. Amma akwai wadda ba ta zubewa kome girgizar da za ka yi mata, wata ƙasa mai laushi mai ɗan duhu, ta naɗe kowace saiwa kamar an sa mata safa. In ka murza ta tsakanin yatsu za ka ji danshi da ɗan yauƙi, ko da ƙasar gefe ta fara bushewa.

Bara 'yata tana tsaye kusa da ni lokacin da nake wannan girgiza. Ta ce, "Baba, me ya sa wannan ta ƙi faɗuwa?" Na ce mata saiwar ce ta riƙe ta, kuma akwai masu rai a cikinta fiye da yadda za ta iya ƙirgawa. Ta janye hannunta da sauri ta ce, "Ƙwayoyin cuta?"

Wannan suna ya daɗe yana damuna. Mun saba kiran duk wata halitta da ido ba ya gani ƙwayar cuta, har sunan ya yanke musu hukunci tun kafin a ji ta bakinsu. Gaskiyar magana, masu sa ciwo 'yan kaɗan ne a cikin bakteriya. Mafi yawansu ba ruwansu da jikin mutum, suna can cikin ƙasa suna ruɓar da ganye da kara suna mai da su abincin shuka. A giram ɗaya na ƙasa mai kyau, wato abin da bai cika ƙaramin cokali ba, ana iya samun bakteriya ɗaruruwan miliyoyi. Kuma a ƙasar nan da ta manne wa saiwa sun ninka na sauran gona yawa nesa ba kusa ba. Wani masani Bajamushe, Lorenz Hiltner, shi ya fara ware wannan siririn yanki ya ba shi suna a 1904, da ya lura cewa rayuwar da ke jikin saiwa daban take da ta ƙasar da ke ɗan taƙi kaɗan daga gare ta.

Ruwa ba ya tsami banza. Abin da ya tara su a nan abinci ne, kuma masarar ce take ciyar da su. Ganye yana haɗa sukari da hasken rana, amma shukar ba ta ajiye shi duka don kara da goyo. Wani kaso mai tsoka yana gangarawa ƙasa ya tsattsafo ta jikin saiwa: sukari, da sinadarai masu tsami, da tubalan furotin, da yauƙin nan da bakin saiwa yake fitarwa don ya samu santsin kutsawa cikin ƙasa. Yauƙin ne da ƙananan gashin saiwa suke ɗaure ƙasar da ta ƙi zubewa. Da na fara fahimtar wannan, kallon da nake yi wa gona ya canza. Shukar da take fama da neman abin da za ta ci ba za ta riƙa zubar da sukarinta a ƙasa haka kawai ba. Ladan aiki take biya.

Babban aikin da kowa yake fara ambata shi ne na naitirojin. Duk wanda ya taɓa noman masara ya san fuskarta idan ta rasa shi: ganyen ƙasa su fara yin ɗorawa daga tsini, launin ya bi jijiyar tsakiya ya shiga ciki, tsohon ganye ya ƙone, karan ya tsaya siriri. Abin mamaki, iskar da ke kaɗa wannan ganye kashi 78 cikin 100 nata naitirojin ne. Shuka ce ba ta iya taɓa shi a yadda yake. Sai an fasa shi an mai da shi amoniya, kuma a cikin halittu, wasu ƙananan halittu irin bakteriya ne kaɗai suke da makamin fasa shi. Wake da gyaɗa da waken suya sun warware matsalarsu tun tuni. In ka tuge su za ka ga ƙulle-ƙulle a saiwa, in ka fasa ɗaya da farce ka ga cikinsa jaja-jaja, to ɗakuna ne da shukar ta gina wa bakteriya 'yan dangin Rhizobium. Martinus Beijerinck, mutumin Holan, ya ware wannan bakteriya ya raine ta a ɗakin bincike a 1888. Masara ba ta gina irin waɗannan ɗakuna. Shi ya sa aka daɗe ana ɗaukan cewa ita da dawa da alkama da shinkafa ba su da rabo a wannan ciniki, sai dai buhun taki.

Macen da ta girgiza wannan tunani ita ce Johanna Döbereiner. An haife ta a Turai a 1924, ta koma Barazil a 1950, can ta yi aikinta har ta rasu a 2000. Ta lura da ciyayin da suke zama kore shar a ƙasa marar ƙarfi ba tare da kowa ya zuba musu taki ba, ta nace sai ta gano dalili. Akwai wata dabara tata da nake sha'awa ƙwarai. Makamin da bakteriya take fasa naitirojin da shi ba ya jure iskar oksijin mai yawa, amma ita bakteriyar tana bukatar ɗan oksijin don ta rayu. A busasshen faranti iska ta yi mata yawa, a ƙasan ruwa kuma ta yi kaɗan. Sai aka haɗa mata abinci mai kauri-kauri a kwalba, wanda ba ruwa ba kuma bai daskare ba, babu naitirojin a ciki ko kaɗan. Bakteriyar ta yi iyo da kanta ta nemi daidai inda iskar ta yi mata, ta taru ta zama wani farin yanar siriri ƙasa kaɗan da saman kwalbar. Da wannan yana aka riƙa kamo su daga saiwar ciyawa da ta masara. A 1978 aka raɗa wa jinsin suna Azospirillum, kuma ɗaya daga cikinsu, Azospirillum brasilense, yana ɗauke da sunan ƙasar da aka yi aikin.

Sai dai da bincike ya yi nisa, aka ga cewa naitirojin ɗin da Azospirillum take miƙa wa masara kai tsaye ba shi da yawa kamar yadda aka yi fata. Ba ta cikin ɗaki kamar ta wake, tana zaune a jikin saiwa ne, kuma yawancin abin da ta fasa kanta take yi wa. Babbar gudummawarta wani abu ne daban. Tana fitar da sinadarin girma, irin wanda shuka take amfani da shi wajen umartar saiwa ta yi rassa. Saiwar da ta samu wannan sai ta yawaita ƙananan rassa da gashi, ta laluba ƙasa mai faɗi, ta kai bakinta ga ruwa da takin da da sun wuce ta. Wato ba buhun taki bakteriyar take kawowa ba, hannuwa take ƙara wa shukar.

Akwai wasu masu aikin nasu daban. Wasu nau'o'in Bacillus da Pseudomonas suna fitar da tsami da ke narkar da fosfaras ɗin da ya daskare a jikin ƙasa, wanda rashinsa ne yake sa ganyen ƙaramar masara ya yi shuɗi-shuɗi mai ja. Wasu suna kama sinadarin ƙarfe su hana fumfuna mai cutar da saiwa samunsa. Wasu kuma suna rage sinadarin firgita da shuka take tarawa lokacin fari ko gishiri, wanda in ya yi yawa yake tsayar da girman saiwa.

Da na karanta waɗannan abubuwa, zumuɗi ya kama ni, na nemo fakitin irin wannan bakteriya da ake cuɗawa da iri. Shekarar farko ban ga kome ba. Na cuɗa irin da safe, na baza shi a tire a fili, na tafi gyaran kunya, rana ta dake shi har azahar. Na shuka a ƙasar da ba ta jiƙu sosai ba, ruwa kuma ya yi kwanaki bai sauko ba. Layin da na sa wa da wanda ban sa wa ba suka tashi kamar tagwaye. Na ji haushi a lokacin, amma daga baya na gane cewa na riƙe abin kamar garin magani, alhali rai ne a ciki. Zafi yana kashe shi, hasken rana kai tsaye yana kashe shi, bushewa tana kashe shi, kuma wasu magungunan da ake shafa wa iri don kare shi daga fumfuna da ƙwari suna rage shi ƙwarai. Yana da ranar ƙarewa kamar kowane abu mai rai da aka rufe a leda.

Shekara ta biyu na kiyaye. Na ajiye fakitin a wuri mai sanyi, na cuɗa a inuwa, na shuka a safiyar da ta biyo bayan ruwa mai ƙarfi. Da sati 4 ya cika na tuge gindi biyu, ɗaya daga kowane layi, na wanke su a bokiti na shimfiɗa a kan takarda. Wanda aka cuɗa wa bakteriya saiwarsa ta fi cika, ƙananan rassan sun yi cunkus kamar gemu. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai sai lokacin girbi ya zo. A kusurwar gonar da ƙasarta ta gaji, mai yashi-yashi, layin da aka sa wa ya fi ɗan'uwansa kyan goyo, ido ma ya isa ya gani. A ɓangaren da na shekara ina zuba takin dabbobi ina barin kara ya ruɓe a wurin, ban iya bambance su ba. Gwajin mutum ɗaya a fili ɗaya ba hujja ba ne, na yarda. Amma ya tura ni ga tambayar da ta fi ta farko amfani: wa ya riga baƙon nan zama a jikin saiwar?

Domin baƙo ne. Hausawa suka ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Bakteriyar da ka zuba daga leda tana sauka ne a garin da ya riga ya cika, kowa da gurbinsa, kowa ya saba da zafin wurin da tsaminsa da lokacin yunwarsa. A 2013 wasu masu bincike a Amurka suka fitar da sakamakon wani aiki da suka shuka tsatson masara 27 a gonaki 5, suka karanta ƙwayoyin gadon bakteriyar da ke manne da saiwoyinsu. Abin da ya fi raba al'ummar wata saiwa da ta wata shi ne gonar da aka shuka ta. Irin masarar ma yana da tasiri, ƙarami amma tabbatacce. A taƙaice ƙasa ce take kawo jama'a, masara kuma ta zaɓi na zaɓa a cikinsu. In ƙasar ta talauce, zaɓin ma ya talauce, a nan ne baƙo yake samun wurin zama har a ga amfaninsa. In kuwa garin cike yake da masu yin aikin, zuwansa ba ya canza abu mai yawa.

Yadda masarar take yin zaɓin nan shi ne ɓangaren da ba na gajiya da karantawa. Ƙaramar masara tana fitar da wani sinadarin kariya mai suna DIMBOA, guba ne ga ƙwari da ƙananan halittu da yawa. A 2012 masu bincike a Ingila suka nuna cewa Pseudomonas putida, wadda take da amfani ga shuka, tana jure wannan guba, har ma tana bin ƙanshinsa ta nufo saiwar. Abu ɗaya ya zama shinge ga wasu, ya zama kira ga wasu. A 2021 kuma wata ƙungiya a Jami'ar Bonn ta Jamus ta gano cewa wasu nau'o'in masara suna fitar da sinadaran da ake kira filabon, waɗanda suke tara bakteriya 'yan dangin Oxalobacteraceae a gindinsu, su kuma su sa saiwa ta ƙara rassa, shukar ta fi jure ƙasar da ba ta da naitirojin. Har bayan an girbe masara, sawunta yana nan. Wani aiki daga Bern ta Suwizalan a 2018 ya nuna cewa ragowar waɗannan sinadaran kariya suna sauya al'ummar ƙasa ta yadda masarar da aka shuka a wurin daga baya takan fi tsare kanta daga tsutsa, amma girmanta ya ɗan ragu. Duk wanda ya maimaita masara a fili ɗaya shekara da shekaru ya san ƙasa tana da tuni, ko da bai san sunan abin da take tunawa ba.

Akwai kuma zaman da bakteriyar suke yi a tsakaninsu. A 2017, a Jami'ar Harvard, aka tace al'ummar saiwar masara har ta koma nau'i 7 kacal, don a iya bin kowane ɗaya. Sai aka riƙa cire ɗaya-ɗaya ana kallo. Cire shida daga cikinsu, kowanne a lokacinsa, bai rushe zaman ba. Amma da aka cire Enterobacter cloacae, komai ya watse, wani nau'i guda, Curtobacterium pusillum, ya mamaye wurin. Kuma su bakwai ɗin a haɗe sun danne fumfunar Fusarium verticillioides mai kashe tsiro fiye da yadda kowanne ya iya shi kaɗai. In nau'i 7 suna da irin wannan sarƙaƙiya, ka auna dubbai a gona ta gaske. Ina ƙara wata magana a nan saboda na ga masu koyar da haɗa ruwan bakteriya a gida cikin durom: wasu daga cikin waɗannan nau'o'i suna da 'yan'uwa na kusa da ke cutar da marasa lafiya, kuma ido ba ya bambance su. Wanda aka tantance aka san tsatsonsa daban, abin da ya tsiro a durom daban.

Ban faɗi wannan duka don in kashe wa kowa gwiwa ba. Inda aka yi aikin da haƙuri, ya biya. A Barazil, hukumar binciken noma ta Embrapa ta shekara da shekaru tana gwada tsatso bayan tsatso na bakteriyar Azospirillum a gonaki daban-daban kafin ta tsayar da biyu, Ab-V5 da Ab-V6, waɗanda yanzu ake sa wa masara a miliyoyin hekta. Gwaje-gwajensu sun nuna cewa manomin da ya cuɗa su da iri zai iya rage kashi 25 cikin 100 na takin naitirojin da ake ƙarawa bayan shuka ta tashi, ba tare da amfanin gonarsa ya ragu ba. Mariangela Hungria, wadda ta jagoranci wannan aiki kuma ta yi koyi da Döbereiner, ita aka ba babbar kyautar abinci ta duniya a 2025. Ka lura da adadin: kashi 25 na wani ɓangare na takin. Ba su ce a jefar da buhu ba. Duk mai tallar da ya ce maka ledarsa ta maye gurbin taki gaba ɗaya a gonar masara, ya faɗi abin da waɗanda suka ƙare rayuwarsu a kan aikin ba su faɗa ba, kuma wanda zai ɗanɗana kuɗarsa shi ne manomin da ya gaskata shi ya rasa damina guda.

Ta ɗaya gefen kuma, takin da ya wuce kima yana da nasa lahani a wannan zama. Fasa naitirojin aiki ne mai cin ƙarfi sosai, don haka da zarar bakteriya ta ji amoniya ta wadata a kewayenta sai ta kashe makaminta ta ci na banza. Shi ya sa yanzu nake raba takina kashi-kashi maimakon in juye shi lokaci ɗaya, na daina ƙona kara, kuma ina juya filin da wake. Ba don ƙa'idar littafi ba, don na ga bambancin safar ƙasar nan a kusurwa biyu na gona ɗaya.

Akwai wata masara da nake yawan tunawa. A tsaunukan Sierra Mixe na jihar Oaxaca a Meziko, ƙasar da aka fara mai da masara amfanin gona kimanin shekara 9,000 da suka wuce, manoma sun riƙe wani tsohon iri da yake kai tsawon mita 5 a ƙasa marar ƙarfi, da ɗan taki kaɗan ko babu. Masara ta yau da kullum tana fitar da saiwar tallafi a gaɓa ɗaya zuwa uku na ƙasa. Wannan kuwa tana fitar da su a gaɓa 8 zuwa 10, jajaye kamar yatsu, ba sa taɓa ƙasa. In an yi ruwa sai su riƙa ɗigar da yauƙi mai kauri. Yauƙin cike yake da sukari, kuma kaurinsa yana hana iska shiga da yawa, wato kwalbar Döbereiner ce shukar ta haɗa da kanta a sararin sama. A 2018 masu bincike daga jami'o'in Kalifoniya da Wisconsin suka ba da rahoton cewa wannan masara tana samun kashi 29 zuwa 82 cikin 100 na naitirojin ɗinta daga iska ta hanyar bakteriyar da ke cikin yauƙin. Tana ɗaukar wata 8 ko fiye kafin ta nuna, don haka ba iri ba ne da za a kwasa a watsa ko'ina, masu kiwon iri suna ta ƙoƙarin shigar da halin cikin masara mai saurin nuna. Amma manoman tsaunin nan, da suka yi ta ware iri daga kaka zuwa jika, su ne suka adana wa duniya wannan hali, kuma ya kamata duk ribar da za ta fito daga gare shi ta san hanyar gidajensu.

Bayan na karanta labarin nan, wata safiya da aka kwana ana ruwa na shiga gona na durƙusa a gindin masarata, lokacin ta kusa fitar da kai. Saiwoyin tallafin da ba su kai ƙasa ba tukuna, kowanne da ɗigon yauƙi a bakinsa, garai-garai kamar hawaye, bai fi kan ashana girma ba. Shekaru ina wucewa ta kansu ban taɓa sunkuyawa ba. Na kira 'yata na nuna mata. Ta daɗe tana kallo, sannan ta miƙa yatsa ta taɓa, ta ja shi a hankali har ya yi zare ya tsinke. Ta ce, "Baba, a nan ma suna ciki?" Na ce mata suna ciki. Ta matsa gindi na gaba ta durƙusa tana neman wani ɗigon.